Takardar Da Ka Dangwala, Baba

Malanbil, Laraba bayan la'asar

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga mahaifinsa, ina roƙon Allah ya sanyaya makwancinka, ya haskaka kabarinka. Na san ba za ka karanta wannan wasiƙa ba. Ko da kana raye ma sai an karanta maka, kuma na san wanda za ka miƙa wa, ba ni ba ne. To ka gani, tun ban gama gaisuwa ba na fara abin da na ce ba zan yi ba. Ka yi haƙuri, abin ya daɗe a cikina.

Gida lafiya. Inna ta fita takaba makon jiya, ta rame amma tana cin abinci. Har yanzu takan shimfiɗa buzunka a ƙofar ɗaki da safe, sai ta tuna ta naɗe. An cire albasar Garu, ta yi kyau, sai dai kasuwa ba ta yi mata adalci ba. Injin ban ruwa ya sake tsayawa, ƙanena Tahiru ya kwance shi ya ɗaura, yanzu yana aiki yana tari irin na tsofaffi. Jar akuyarka ta haifi biyu. Ni kuma ina nan ƙofar duwan, wato kwastan, aikin gadar iyaka ya yi sanyi, muna zaune muna korar ƙuda.

Ba don akuya na ɗauki alƙalami ba. Kwana goma da suka wuce takarda ta zo daga masu binciken ciwonka. Sun ce jininka da ɗan naman da aka yanko a jikinka lokacin gwaji suna nan a ajiye cikin sanyi a Kwatano. Sun sami sababbin masu ba da kuɗi, kuma waɗannan suna son a kai abin ƙasar waje a duba. Sun ce ka yarda da haka tun kana raye, amma masu sa ido a kan aikinsu sun ce dole a sanar da iyalan waɗanda suka rasu, duk gidan da ya ƙi a cire nasa. Sunan Tahiru ke bayan takardar. Shi ya kawo mini ita, ya durƙusa, ya ce Faransancin ya yi masa nauyi, kuma ni ne babba, abin da na yanke shi ke nan. Ya miƙa mini wuƙa da nama. In na ce a cire, hujja ɗaya zan bayar, cewa tsoho bai fahimci abin da ya dangwala ba. Kowa a dangi kuwa ya san ma'anar wannan, ita ce Tahiru ya kai mahaifinsa an cuce shi yana kallo. Ba zan ɓoye maka ba, da na gama karantawa sai da na ji wani sanyi a raina.

Ka san dalili, ko ba ka sani ba? Ni ne ɗanka na fari, shekarata hamsin da ɗaya, ban taɓa jin sunana a bakinka ba. Na san al'ada ce, na san kunyar ɗan fari ba ƙiyayya ba ce, an faɗa mini har na gaji da ji. In kana nemana sai ka ce a kira maka ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko. In na shigo zaure gaishe ka sai ka mai da ido kan tabarma, ka amsa a taƙaice. Ina shekara bakwai aka kai ni Gene wurin Kawu don karatu. Tahiru kuwa auta, a cinyarka ya girma, cikin jirgin ruwanka ya koyi tuƙi, kwano ɗaya kuke ci. Sunansa sau nawa a yini? Tahiru kawo buta, Tahiru ina fartanya, Tahiru zo ka ji. Da muna da aku a gidan nan da ba abin da zai haddace sai wannan.

Duk na haɗiye wannan, sai ciwonka ya zo. Wata shida kana fama da fitsari ban sani ba. A bakin mai kabu-kabu na ji, a tsakiyar kasuwa, ya tambaye ni ya jikin tsoho, ya ce shi ya kai ku asibiti kai da Tahiru ranar Talata. Na ce da sauƙi, kamar na sani. Daga baya Inna ta ce mini an tura ku Paraku, an ce ciwon daji ne a wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wanda lokotoro, wato likita, ke ce wa furostat. Can masu binciken suka same ka. Suna tara dattawa masu irin ciwon, su ɗibi jini, su riƙa bin lafiyarsu, don su gane yadda yake kama mazan ƙasarmu. Ƙa'idarsu ita ce wanda ba ya karatu ya dangwala yatsa, wani mai karatu ya zauna ya ji bayanin, ya sa hannu kusa da dangwalen a matsayin shaida.

Mai karatu fa aka ce, Baba. Wane ne mai karatun gidanka? Shekara ashirin da shida ina aikin takardun kaya a bakin iyaka. Direbobin manyan motocin kamiyo daga Gaya, 'yan albasa, mata masu kifi, kowa ta hannuna takardarsa ke biyowa. Mutumin da ban taɓa gani ba yakan ba ni amanar kayansa don na iya karanta ƙananan layukan da ke ƙasan takarda. Tahiru aji huɗu ya yi ya gudu gona, in ya rubuta sunansa sai ka ce kaza ce ta bi ta kan rairayi. Amma takarda ɗaya da ta fi kowace takarda a rayuwata, shi ka zaɓa ya sa mata hannu. Me ka kai ni lakwal in yi, in ba don irin wannan rana ba?

Ina tuna farar motarsu, duk ƙarshen wata ta tsaya ƙofar gida ta ɗauke ku. Nakan zo da sassafe da sunan gaida Inna, in tsaya bakin zaure. Tahiru ya fito da buta da bargo da ledar takardunka a hammata, ya riƙe maka gwiwar hannu ka hau. Ni sai in ce Allah ya kiyaye hanya, ka amsa wa iska da amin. Daga nan zuwa Paraku kusan wuni guda ne, kafaɗa da kafaɗa. Me kuke cewa a wannan doguwar hanya? Labarin ƙuruciyarka kake ba shi? Tsoro kake gaya masa? Ya san sau nawa kake tashi fitsari, ya san inda ke yi maka ciwo, ya san abin da lokotoro ya ce da abin da ka amsa. Ni sai abin da ya ga dama ya tsakuro mini. Wallahi, Baba, har robar fitsarinka da yake ɗauka ya zubar na yi wa kishi. Wa zan faɗa wa wannan a Malanbil bai yi mini dariya ba?

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa ba. Ka tuna lokacin da kuɗin binciken ya ƙare, motar ta daina zuwa wata uku, babu saƙo babu bayani? Kai ka damu, ni na ji daɗi. Na ce yau dai za a san wa ya iya takarda. Na shiga ɗakin Inna, na zauna jikin bangon da ya raba ɗakinta da naka. Ba da kai nake magana ba, ai ba ma magana, da Inna nake, amma na ɗaga murya yadda za ta tsallake bango. Na ce irin waɗannan mutane ba sa zuwa don Allah. Na ce sun kwashi jinin tsoho da namansa sun tafi sayarwa. Na ce ni a bakin iyaka nake aiki, ban taɓa ganin kayan da ya ƙetare ba tare da wani ya ci riba ba, kuma wanda ya sa hannu bai san abin da ya sa wa hannu ba. Inna tana yi mini alama da hannu in yi shiru, ni ina ƙara murya. Ban karanta takardar ba, ban taɓa ganinta ba ma. Tari ɗaya na ji ka yi a bayan bango.

Kwana goma sha biyu ba ka ci abinci da Tahiru ba. Ya riƙa yawo a tsakar gida kamar baƙo. Ni kuwa kullum ina zuwa da nama da lemo, ina jira. Na ɗauka in ka ture shi ni za ka jawo. Abin da na samu shi ne ka ce wa Inna a yi wa ɗan lakwal godiya. Da motar ta dawo, sau biyu ka ƙi hawa, wata biyu ke nan ba lokotoron da ya gan ka. A na uku na ji muryarka daga ɗaki, Tahiru kawo buta. Kuka tafi, ni ina bakin zaure inda na saba. Wannan wata biyun suna nan a wuyana. Ranar da ka cika, Juma'a da hantsi, kanka na kan cinyarsa, ni ina ƙofar duwan ina bin takardar wani mai shinkafa.

To da wannan zuciya na karɓi takardar daga hannun Tahiru. Ranar Litinin na hau mota zuwa Paraku, na rubuta tambayoyina a takarda kamar mai zuwa shari'a. Niyyata in kama su da laifi, in karɓo abin da ya rage na jikinka in kawo in binne kusa da kai da hannuna. Na ce ko wannan hidima ɗaya ta zama tawa ni kaɗai.

Lokotoron naka yaro ne a kaina, ɗan Kandi, mai sanyin magana. Ya zaunar da ni, ya rufe ƙofa. Na tambaye shi da wane harshe aka yi maka bayani, don na tabbata Faransanci ne Tahiru ya murɗe. Ya ce da Dendi, shi da kansa, kuma ka fi shi iyawa, har kana gyara masa. Na tambaye shi ko ka san binciken ba magani ba ne. Ya ce ya gaya maka ba zai warkar da kai ba, kuma ko ka ƙi shiga ba abin da zai ragu a kulawar da ake yi maka, kai kuma ka ce ka sani, mai dashen giginya ba don bakinsa yake yi ba. Da na ji wannan na san kai ne, ba wanda zai ƙago maka ita. Na tambaye shi wa ke biya, kuma me za su samu. Bai kauce ba. Ya ce ƙungiya ce ta ƙasar waje da wata jami'a, za su sami ilimi da suna, wataƙila wata rana a sami gwajin da za a sayar, kuma ba abin da zai shiga aljihun iyalanka, haka ya faɗa maka tun farko. Na tambaye shi wata ukun da suka ɓace. Ya sunkuyar da kai, ya ce barin dattawa haka ba ko saƙo laifi ne, kuma nasu ne. Na so ya yi gardama in sami abin riƙewa, bai yi ba.

Sai na tambayi abin da ban rubuta ba, wata biyun da ka ƙi zuwa. Ya ce ciwon ya riga ya kai ƙashi tun kafin nan, bai ga alamar sun canja wani abu ba, amma ba zai rantse ba. Na gode masa da bai rantse ba.

Daga nan ya ɗauko takardar. Ga yatsanka, Baba, babban yatsan nan mai tabon ƙugiya, shuɗi a kan farar takarda. Ga rubutun Tahiru a karkace kusa da shi. Ya ce zama uku kuka yi kafin ka yarda, sau biyu kana cewa a bari ka yi tunani. A zama na biyu ka tambaya ko ciwon yana bin jini. Ya ce maka yakan bi, ɗan mai shi ya fi wani zama cikin haɗari, musamman in ya manyanta. A zama na uku, kafin ka dangwala, ka aiki Tahiru ya cika maka buta. Da ya fita sai ka ce wa lokotoro kana da babban ɗa wanda furfura ta fara fito masa, shi ya kamata a fara dubawa, kuma in dai ajiye namanka zai amfani irinsa to a ajiye, a kai duk inda za a kai. Ka ce amma kada a gaya masa sai bayan ranka, don ba za ka iya haɗa ido da shi ba alhali ya san inda ciwon yake. Lokotoro ya ce yana bukatar sunan ɗan don ya rubuta. Sannan ka faɗa.

Ya juyo mini takardar, ga shi can a gefe da jan alƙalami, an rubuta shi irin rubutun Faransawa. Ya ce ya riƙe maka amana, yana jiran a gama zaman makoki ya aiko, sai ga ni na zo da ƙafata.

Kana tsammani daɗi na ji? Na ji, amma ba shi ya fara zuwa ba. Shekara biyu ina kishin Tahiru, ashe ga wanda ya kamata in yi wa kishi zaune gabana da farar riga. Wannan yaro ɗan Kandi, wanda bai haɗa komai da mu ba, ya ji sunana da muryarka. Na tambaye shi yadda ka faɗe shi. Cikakke ka faɗa, ko ka gutsure shi kamar yadda abokaina ke yi? Ka rage murya? Ka yi wannan tarin naka kafin ka faɗa? Ya daɗe yana ƙoƙarin tunawa, Allah ya saka masa, bai yi mini ƙarya ba. Ya ce shekara biyu ke nan, dattawa suna da yawa, bai riƙe ba. Haba Baba. Abin da na nema tun ina ɗan shekara bakwai ka ba wa baƙo, shi kuma bai ma san an ba shi wani abu ba. Bangon nan da na yi magana ta kansa, ba zai iya ɗaukar kalma ɗaya daga wajenka zuwa wajena ba?

Na sa hannu a bar namanka ya tafi. Maganarka ce, ka yi ta da hankalinka, ba ni da ikon warware ta. Abu ɗaya na sa aka rubuta, cewa duk abin da suka gano su zo Malanbil su faɗa wa iyalan dattawan nan da Hausa da Dendi, kada ya tsaya a littafin da ba wanda zai karanta a Garu. Ya ce zai kai maganar gaba, ban san ko za su cika ba. Su ma ina jin haushinsu, mutanen da ba su san fuskarka ba za su riƙe wani yanki naka, a wurinsu kai lamba ce a jikin kwalba. Kowa ya sami rabonsa daga gare ka.

Da na dawo na sami Tahiru a gona yana ɗaure buhunan albasa. Na ce masa ya yi shaida ta gaskiya, takardar ba ta da aibi. Na ce masa kuma ni na ɓata tsakaninku kwanakin nan. Bai ɗago ba, ya ce, ai na ji, Yaya, bangon gajere ne. Ya ci gaba da ɗaurinsa, ni na kama masa bakin buhu. Maganar sunan kuwa ban gaya masa ba, kuma ba zan gaya masa ba. Shi kaɗai ne abin da nake da shi naka wanda ba shi da shi. Ka ce mini mai ƙyashi, na yarda.

Sauran labari ɗaya. Kafin in bar Paraku na miƙa hannu an ɗibi jinina kamar yadda ka so, sakamako sai mako mai zuwa. Ni ma tun bara nake yawan tashi, ban gaya wa kowa ba. A takardata akwai wurin da aka ce in rubuta wanda za a sanar. Wallahi hannuna da kansa ya fara rubuta sunan autana. Na tsaya, na kalli alƙalamin, na soke, na rubuta Kabiru, babban ɗana, jikanka da kake wa wasa da angon Inna. Shekararsa ashirin da shida, ban taɓa kiransa da suna ba, direba nake ce masa. Jiya ya zo gaishe ni, ya durƙusa bakin ƙofa. Na shirya tun safe, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, kai, ya hanya. Idona yana kan tabarma. Ashe da nauyi haka, Baba? Ashe haka ka ji? Jibi zai sake zuwa, zan sake gwadawa, ba na son ya je neman muryata wurin lokotoro.

Kishin bai tafi ba, kada in yi maka ƙarya. In na ga Tahiru da butarka har yanzu sai zuciyata ta motsa. Amma na yafe maka shirun, kai ma ka yafe mini abin da na faɗa ta kan bango. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haɗa mu a inda babu kunya tsakanin ɗa da uba. In mun haɗu kada ka aiki kowa ya kira ni. Ka faɗe shi da kanka, a hankali, yadda zan riƙe.

Sai mun zo.

Ni ne ɗan lakwal, ɗanka na fari,
Usumanu